Likitan Zariya da Allurar Masassara

Sakaba ƙaramar hukuma ce a kudancin Jihar Kebbi, cikin masarautar Zuru, tana iyaka da Jihar Neja. Babban ofishinta yana Dirin Daji. Mutanenta Dakarkari ne da Kambari da Hausawa da Fulani, galibinsu manoma da makiyaya. Ƙasar tana samun ruwan sama fiye da arewacin jihar, saboda haka dawa da masara da shinkafa su kan yi kyau. Amma daminar da ke kawo albarka ita ke kawo sauro. Da ruwa ya zauna, kududdufai da ramukan gini da sawun shanu suka cika, sai masassara ta bi gida gida. Babban mutum ya kan kwanta kwana biyu ko uku ya tashi. Ƙaramin yaro kuwa, wani jikinsa ya yi zafi da safe, kafin dare ya shiɗe. Wani jininsa ya ƙone a hankali, har tafin hannunsa ya yi fari fat.

Cikin 2021 Gwamnatin Tarayya ta sa aka auna jinin yara 'yan ƙasa da shekara 5 a ko'ina cikin Nijeriya. A ƙasa duka, yara 22 cikin 100 aka samu da ƙwayar masassara. A Ikko ba su kai 3 cikin 100 ba. A Jihar Kebbi kuwa 49 ne cikin 100, watau kusan rabi, ba jihar da ta kai ta. Don haka ne, sa'ad da aka fara yi wa jarirai allurar rigakafin masassara a Nijeriya cikin watan Disamba na 2024, aka fara da Kebbi da Bayelsa.

Wannan allura ba daga sama ta faɗo ba. Mutane da yawa sun yi mata wahala shekaru masu yawa. Cikinsu akwai wani likita Bature, Brian Greenwood, wanda ya shekara 10 yana aiki a asibitin Zariya. Ba shi ya ƙirƙiro allurar ba. Aikinsa shi ne gwaji: a ɗauki kowane makami, a kai shi ƙauye, a ƙidaya yara nawa ya ceta, sa'an nan a faɗi gaskiyar abin da aka gani.

Asalin masassara

A da, mutanen ko'ina cikin duniya suna tsammani iskar fadama ce ke kawo masassara. Cikin 1880 wani likitan soja Bafaranshe, Alphonse Laveran, yana aiki a Aljeriya, ya duba jinin wani majiyyaci da madubin likita mai ƙara girman abu, ya ga wata 'yar halitta tana motsi a ciki. Cikin 1897 Ronald Ross, likitan Ingila da ke Indiya, ya sami wannan halitta a cikin sauro. Ba kowane sauro ba, sai irin da a ke kira anofilis, shi ma tamatarsa, don ita ce ke shan jini.

Ga yadda abin ya ke. In sauro mai cuta ya ciji mutum, sai ya zuba masa 'yan ƙwayoyi tare da miyansa. Kafin sa'a guda sun shige hanta. Can su kan ɓuya wajen mako ɗaya, kowace ƙwaya ta haifi dubbai, mutum bai ji kome ba. Sa'an nan su fito su afka wa jini, suna shiga ƙwayoyin jini suna fasa su. Sa'ad da su ke fashewan nan ne a ke jin sanyi da makyarkyata da zafin jiki. Mai karatu ya riƙe wannan: ƙwayar tana da rauni ƙwarai tsakanin bakin sauro da hanta, don a lokacin ba ta da yawa. Nan ne masu allura suka yi mata kwanton ɓauna daga baya.

Darasin Ambursa da Garki

Da aka san sauro ne mai laifi, sai aka ce a kashe sauro a huta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an sami magungunan feshi masu ƙarfi, irin su DDT. Cikin 1954 aka fara wani babban gwaji a ƙasar Birnin Kebbi, inda ya ke babban birnin jihar yanzu, ƙarƙashin jagorancin Likita Leonard Bruce-Chwatt, shugaban ma'aikatar yaƙi da masassara ta Nijeriya. Ma'aikata suka bi ɗaki ɗaki suna feshe bango da jinka. Da fari sauro ya ragu, kowa ya yi murna. Amma cikin 1955, a garin Ambursa kusa da Birnin Kebbi, aka kama sauron da ɗaya daga cikin magungunan, mai suna diyaldirin, ba ya kashe shi. Maganin ya kashe raunana, masu taurin rai suka rage, suka hayayyafa suka cika ƙasa. Aka ɗauki irin sauron nan har Landan don a bincike shi, sunan Ambursa ya shiga littattafan masana na duniya.

Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka sake gwadawa a ƙasar Garki, wadda ke cikin Jihar Kano a lokacin, yanzu kuwa Jigawa. Wannan karo aka haɗa feshi da rabon magani ga mutanen ƙauyuka. Masassara ta ragu ƙwarai, amma ba ta mutu ba, don wani sauron ba ya sauka a bangon ɗaki, in ya ci ya ƙoshi sai ya fita waje ya huta. Da aka daina aikin, ta komo. Darasin wuraren nan biyu ɗaya ne: a ƙasa irin wannan, makami guda ba ya kashe masassara.

Likita Greenwood ya zo Zariya

An haifi Brian Greenwood a Ingila cikin 1938. Ya yi karatun likita a Kembirij da Landan, ya gama cikin 1962. Cikin 1965 ya zo asibitin jami'a na Badun, ya shekara 3. Ya koma gida ya koyi ilmin garkuwar jiki, watau yadda jinin mutum ke gane cuta ya ƙera makaman yaƙarta. Cikin 1970, yaƙin basasa na ƙarewa, ya komo Nijeriya, ya sauka Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke kafa makarantar likitoci.

A asibitin Zariya ya ga shekara ta rabu biyu. Da damina da kaka gadaje su cika da yara masu masassara. Da bazara su cika da masu sanƙarau. Waɗannan cututtuka biyu su ya bi har tsufansa.

Tambayar da ya fara yi ita ce, me ya sa yaron da ke fama da masassara ya kan kama waɗansu cututtuka da sauƙi? Shi da abokan aikinsa suka yi wa yara masu masassara allurar rigakafin taifot da ta ciwon nan mai datse haƙora, wanda likitoci ke kira tetanas, suka kuma yi wa lafiyayyun yara. Bayan kwanaki suka auna jinin duka. Sai suka ga jinin masu masassara bai ƙera garkuwa kamar na lafiyayyu ba. Aka buga wannan cikin 1972 a jaridar likitoci mai suna Lancet. Cikin 1978 suka nuna haka abin ya ke ga allurar sanƙarau ma, har raunin ya kan kai wata guda bayan yaro ya warke. Ashe masassara ba kisa kaɗai ta ke yi da hannunta ba, ta kan buɗe wa waɗansu ƙofa.

Daga nan suka tafi ƙasar Malumfashi, suka riƙa ba waɗansu jarirai maganin kulorokwin kowane mako, ko suna ciwo ko ba su yi. Yaran da aka ba suka fi sauran yawan jini, suka ɗan fi su girma. A nan ne aka shuka irin wata dabara wadda ba ta nuna ba sai bayan shekara 30 da 'yan kai, watau a ba yaro magani tun cuta ba ta kama shi ba.

Yaƙin sanƙarau

Sanƙarau tsohon baƙo ne a ƙasar Hausa. Ya kan zo bayan hunturu, ya yi ƙarfi da zafin bazara, ya ɗauke da saukar ruwan farko. Greenwood da mutanensa suka riƙa shafo maƙogwaron mutanen ƙauye a Malumfashi, rani da damina. Sai suka ga ƙwayar tana zaune a maƙogwaron lafiyayyun mutane da yawa a kowane lokaci na shekara, ba ta yi musu kome ba. Suka kawo shawara cewa bushewar iska da ƙura su ke raunana fatar maƙogwaro da hanci, ƙwayar ta sami hanyar shiga jini, ta haura zuwa rigar ƙwaƙwalwa.

Cikin 1977 annobar sanƙarau ta faɗa wa Zariya. A lokacin, maganin majiyyaci shi ne allurar fenisilin sau da yawa kowace rana har kwanaki. In majiyyata sun yi ɗaruruwa, malaman asibiti kuwa kaɗan, wa zai yi wannan? Likitocin Zariya, cikinsu har da Likita Sadiq Wali, mutumin Kano, suka gwada wani magani mai suna kuloramfenikol wanda aka dama da mai, yana narkewa cikin jiki sannu sannu. Suka ga allura guda ta yi aikin da fenisilin ke yi cikin kwana 5. Aka buga labarin cikin 1979. Wannan ya sa ƙaramin malamin asibiti a ƙauye ya iya ceton rai. An yi shekaru ana aiki da shi a lokacin annoba a ƙasashen bakin hamada, kafin wani magani ya maye gurbinsa.

Allurar rigakafin sanƙarau ta wancan zamani tana da aibi. Ba ta kama jikin jarirai sosai, ƙarfinta kuma ba ya daɗewa. Cikin 1996 annoba ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Sai cikin 2010 aka sami sabuwar allura mai suna MenAfriVac, wadda wani kamfanin Indiya, Serum Institute, ya yi da araha. Aka buƙaci wanda zai auna amfaninta. Cikin Disamba na 2011 aka yi wa mutum wajen miliyan 1.8 a yankuna uku na ƙasar Cadi. Greenwood da likitocin Cadi suka ƙidaya masu sanƙarau a bazarar da ta biyo, suka ga a inda aka yi allurar ciwon ya yi ƙasa da kashi 94 cikin 100 bisa ga inda ba a yi ba. Irin sanƙarau ɗin da a ke kira A ya kusa ɓacewa. Sauran ire-iren suna nan, har sun taɓa Jihar Kebbi cikin 2015 da 2025.

Shekara 15 a Gambiya

Cikin 1980 aka naɗa Greenwood shugaban gidan binciken cututtuka da Gwamnatin Ingila ke riƙe da shi a Gambiya. Abin da ya fara yi ƙidaya ce. Yawancin yaran ƙauye a gida su ke mutuwa, ba likitan da ya gan su, ba wanda ya rubuta. Sai aka riƙa aika ma'aikata ƙauyukan Farafenni, bayan an share makoki su zauna da uwar mamaci, su tambaye ta yadda ciwon ya fara da yadda ya ƙare. Da aka tara amsoshin, cikin 1987 aka bayyana cewa cikin yara 'yan shekara 1 zuwa 4 da suka mutu, ɗaya cikin kowane huɗu masassara ce ta kashe shi.

Mutanen Gambiya sun saba da gidan sauro tun da daɗewa. Amma gidan sauro ya kan yage, yaro kuma ya kan jingina da shi cikin barci, sauro ya cije shi ta waje. Sai aka gwada tsoma shi cikin maganin ƙwari mai suna fametirin, wanda ba ya cutar mutum. Waɗansu ƙauyuka aka tsoma nasu, waɗansu aka bar su yadda su ke. Sakamakon da aka buga cikin 1991 ya ba likitocin duniya mamaki: mutuwar yara 'yan shekara 1 zuwa 4 ta ragu da fiye da rabi a ƙauyukan da aka tsoma. Da Gwamnatin Gambiya ta yaɗa abin cikin ƙasa, aka sake aunawa, aka sami ragin kashi 25 cikin 100. Bai kai na farko ba, amma haka ɗin aka rubuta shi. Aka maimaita gwajin a Gana da Kenya da Burkina Faso, ya tabbata. Gidan sauro mai magani da a ke rabawa kyauta a Sakaba da Zuru, daga waɗannan gwaje-gwaje ya samo asali.

Ba masassara kaɗai aka yaƙa a can ba. An gwada allurar wata ƙwaya mai suna Hib, mai kawo sanƙarau da ciwon huhu ga jarirai, a kan yara fiye da 40,000, ta yi kyau, Gambiya ta karɓe ta cikin 1997. An kuma gwada allurar ciwon huhu a kan yara fiye da 17,000, aka bayyana cikin 2005 ta rage mutuwar yara da kashi 16 cikin 100. Alluran nan biyu sun shiga jerin waɗanda a ke yi wa jarirai a Nijeriya.

Neman allurar masassara

Me ya sa aka sami allurar agana da ta baƙon dauro tun tuni, amma ta masassara ta gagara? Dalili shi ne, wanda baƙon dauro ya kama sau ɗaya ya warke, jininsa ya gane cutar ke nan har abada. Ƙwayar masassara kuwa mai wayo ce, tana sake kama daga sauro zuwa hanta, daga hanta zuwa jini, cikin jinin ma tana sake riga. Sai mutum ya sha ciwon sau da yawa kafin ya sami 'yar garkuwa, ita ma ba cikakkiya ba. Shi ya sa manya ke tashi, yara ke tafiya.

Duk da haka akwai alamun abin zai yiwu. Cikin 1961, a Gambiya, Ian McGregor da Sydney Cohen suka tace garkuwa daga jinin manya suka sa wa yara masu masassara, ƙwayoyin suka ragu ƙwarai. Cikin 1967 wata masaniya a Amurka, Ruth Nussenzweig, ta raunana ƙwayoyin da ke cikin miyan sauro da wani irin haske, ta sa wa ɓeraye, ɓerayen suka tsira daga cutar. Cikin 1987 masanan wani kamfanin magani a Baljiyam, wanda yanzu a ke kira GSK, tare da likitocin sojan Amurka, suka ɗebi wani yanki na rigar ƙwayar, suka liƙa shi jikin abin da a ke yin allurar ciwon hanta da shi, don jini ya gan shi da kyau ya shirya masa. Suka sa wa allurar suna RTS,S.

Kafin a kai ga gwada ta a Afirka, sai wata allura ta yi suna. Wani masani mutumin Kolambiya, Manuel Patarroyo, ya yi ta, sunanta SPf66. Jaridun duniya suka yi ta yabo. Aka gwada a Tanzaniya, aka ga kamar tana ɗan karewa. Greenwood da mutanensa suka gwada ta a kan jarirai fiye da 600 a Gambiya. Yadda a ke gwajin shi ne, a raba yara kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, kashi ɗaya a yi musu sabuwar allura, ɗayan a yi musu wata allura mai amfani dabam, ba uwa ba likita wanda ya san wanda ya sami wace, sai ran da aka gama ƙidaya. Da aka buɗe takardu cikin 1995, ba a ga wani bambanci na kirki ba. Mutane da yawa ba su so jin haka ba, amma aka buga. Gwajin da aka yi a ƙasar Tailan ya goyi bayansu, aka ajiye allurar. Da an rufa mata asiri, da an kashe kuɗin talakawa, iyaye kuma su saki jiki a kan banza.

Cikin 1996 Greenwood ya koma makarantar koyon cututtukan ƙasashen zafi ta Landan, amma bai saki Afirka ba. Cikin 1998 aka gwada RTS,S a kan maza manya 306 a gabashin Gambiya, wani likita ɗan ƙasar, Kalifa Bojang, shi ne kan gaba. Makonni 9 na farko allurar ta kare su da kashi 71 cikin 100. Daga nan ƙarfinta ya zube, kafin damina ta ƙare ya tafi. Da aka ƙara musu allura guda a shekara ta biyu, ƙarfin ya farfaɗo. Daga 2009 zuwa 2014 aka yi babban gwaji a ƙasashe 7 na Afirka, da yara fiye da 15,000. Yaran da suka sami allura 4, masassararsu ta ragu da kashi 36 cikin 100 cikin shekara 4. Waɗansu masana suka ce wannan bai isa a kira shi allura ba.

Maganin damina

Ana cikin haka, Greenwood ya koma kan dabarar Malumfashi. Ba yaro magani kowane mako shekara duka yana da wuya, yana kuma iya sa ƙwayar ta saba da maganin, kamar yadda sauron Ambursa ya saba da feshi. Amma a ƙasashen bakin hamada yawancin masassara cikin wata 3 ko 4 ta ke zuwa. To, me zai hana a ba da magani a waɗannan watanni kaɗai, sau ɗaya a wata? Cikin 2002 aka gwada a Niakhar ta ƙasar Sanagal, tare da Likita Badara Cissé, masassara ta ragu da kashi 86 cikin 100. Aka maimaita a Mali da Burkina Faso da Gambiya. Cikin 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da dabarar domin yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5. Nijeriya ta fara a Jihar Katsina cikin 2013, daga baya abin ya kai sauran jihohin arewa har da Kebbi. Cikin 2023 yara fiye da miliyan 50 suka sha maganin damina a Afirka, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya.

Sa'an nan Greenwood ya tuna da mazan Gambiya. Ya ce, allurar da ƙarfinta ke cika da fari ya ragu daga baya, ai sai a yi ta gab da damina, ƙarfin ya dace da lokacin da a ke bukatarsa. Ya rubuta wannan shawara cikin 2017. A shekarar aka fara gwaji a Houndé ta Burkina Faso da Bougouni ta Mali, da yara wajen 6,000, tare da Alassane Dicko da Jean-Bosco Ouédraogo da Daniel Chandramohan. Aka raba yaran kashi uku: waɗansu allura kaɗai, waɗansu maganin damina kaɗai, waɗansu duka biyu. Bayan damina 3 aka buɗe takardu cikin 2021. Allura kaɗai ta yi daidai da magani kaɗai. Amma yaran da suka sami duka biyu, masassararsu ta yi ƙasa da ta masu magani kaɗai da wajen kashi 60 cikin 100, kwanciya asibiti da mutuwa saboda masassara kuwa da wajen kashi 70. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ran 6 ga Oktoba 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a yi wa yaran Afirka RTS,S. Tun 2019 a ke yin ta a yankunan Gana da Kenya da Malawi, daga baya aka ga mutuwar yara ta ragu da kashi 13 cikin 100 a wuraren. An girmama Greenwood saboda aikinsa: Japan ta ba shi lambar Hideyo Noguchi cikin 2008, Sarauniyar Ingila ta ba shi sarautar Sir cikin 2012.

Allura ta iso Kebbi

Allurar da ta zo Kebbi ba RTS,S ba ce, ƙanwarta ce, sunanta R21. Masanan Jami'ar Okisfod ne suka yi ta, ƙarƙashin Adrian Hill, bisa fasalin ta farko, sai dai sun ƙara yawan yankin rigar ƙwayar. Halidou Tinto ya gwada ta a Nanoro ta Burkina Faso. A babban gwajin da aka yi da yara 4,800 a ƙasashe 4, inda aka yi ta gab da damina ta rage masassara da kashi 75 cikin 100 a shekarar farko. Kamfanin Indiyan nan da ya yi allurar sanƙarau shi ke yin ta da yawa da araha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da ita cikin Oktoba 2023, cikin Oktoba 2024 kashi na farko ya sauka Nijeriya.

Bisa tsarin Nijeriya, sau 4 a ke yi wa yaro: yana wata 5, da wata 6, da wata 7, sa'an nan yana wata 15. A ƙasa irin ta Sakaba wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Ƙauyuka suna nesa da asibiti, da damina rafuka su kan yanke hanya, aikin gona yana jira, cikin 2021 da 2022 kuma ƙasar Zuru ta sha wuya a hannun 'yan fashin daji, har mutane da yawa suka bar gidajensu. Uwa ta kan kai yaro sau ɗaya ko biyu, ta ga lafiya lau ya ke, ta zauna. Nan ne hatsari ya ke. Ukun farko su ke gina garkuwa, ta huɗu ita ke ɗaga ta sa'ad da ta fara zubewa, kamar yadda aka gani ga mazan Gambiya. Maigida ma yana da nasa rabo, don shi ke ba da izini da kuɗin mota, in ya iya karatu kuma shi ke duba katin yaro ya ga ranar komawa.

Wanda aka yi wa allurar ma yana iya yin masassara, sai dai ba sau da yawa ba, ba kuma da tsanani kamar da ba. Saboda haka yaro zai ci gaba da kwana cikin gidan sauro mai magani. In masu rabon maganin damina sun zo, za a ba shi na ranar farko a gabansu, uwa ta cika na rana ta biyu da ta uku, kowane wata har su gama zagayensu. In jikinsa ya yi zafi, a kai shi a auna jini ran nan, kada a kwana. Abin da aka gani a Ambursa cikin 1955, da Garki cikin 1976, da Bougouni cikin 2021, duk magana ɗaya ce: yaron da aka haɗa masa makaman nan shi ya fi ganin kaka.